Kunyar Ɗan Fari a Asibitin Misra

Rubuta, Hadiza 'yata, kuma kada ki gyara mini magana. Inda na zage ki ma ki sa shi yadda ya fito, don kin ci zagin. Ni Kulu ta Dandin Mahe ban zauna aji ba, ban san baƙin boko ko ɗaya ba, amma bakina bai taɓa neman ɗan rakiya ba sai da na je Misra. Ni ce ungozomar unguwarmu tun ina da ƙarfin durƙuso, ni ce kuma ake kira in mace ta rasu a yi mata wanka. Wadda ta tarbi mutane a ƙofar shigowa, ta raka su ƙofar fita, ita 'ya'yanta suka zauna suka shirya wa ƙarya kamar yarinyar goye.

Ba zan tsaya kan tashinmu ba. Wani ƙulli ne ya fito mini a nonon hagu, mai tauri kamar ƙwallon goruba, ba ya zafi. Aka kai ni asibiti a Sakkwato, aka ɗebi ɗan nama. Ranar da sakamako ya fito likita ya kira 'ya'yana ciki, ni mai nonon aka bar ni a benci. Suka fito suna yaƙe, suka ce maruru ne ya yi zurfi, injin da ke tsotse irinsa sai Misra. Hadiza ce za ta raka ni, sai ga cikinta ya tsufa, aka ce jirgi ba ya ɗaukar mai jiran haihuwa. Ƙanenta ba ya jin Turanci. Tafiyar ta faɗa kan wansu, malamin makaranta a Bodinga, ɗan farina.

Mutumin birni zai ce to mene ne, ɗa ya raka uwarsa? A wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Tun da na yaye shi uwata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma tare da ƙannena, shi ya sa har yau Adda yake kirana kamar su. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma yanzu ma ba za ki rubuta shi da bakina ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa, ni kuma in juya wa ƙofar kafaɗa. Haka na ga uwata ta yi da nata, kuma ban ga abin da ya rage mu da shi ba. Wannan mutumin aka haɗa ni da shi, mu biyu rak, zuwa ƙasar da ba mu san kowa ba.

Wulaƙanci na farko a filin jirgin Alƙahira na sha shi. Wani mai kaki ya buɗe jakata, ya kwance ƙullin daddawata, ya kai hanci, ya ja da baya kamar ya ga mushe. Ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina, suka yi ta dariya. Daddawar da na daka da hannuna, wadda mata ke aikowa tun daga Lambara su saya! Suka jefa ta cikin kwandon shara ina kallo. Na ce, "A hwaɗa musu Allah ya isa." Ɗan farina ya ce musu wani abu da Turanci yana sunkuyar da kai, na kuma san ba abin da na ce ya faɗa ba. Kuka da garin gero dai suka tsira.

A bakin ƙofar fita wani saurayi mai ƙamshin turare ya tare mu da Hausa. Sabi'u sunansa. Ya ce karatu ya kawo shi ƙasar, ban sani ba ko karatun ne ya ƙare ko shi ya ƙare da karatun, yanzu dai aikinsa raka marasa lafiya na ƙasarmu asibiti yana yi musu tafinta. "Hajiya Mama, kin zo gida," in ji shi. Na ji daɗin jin harshena, ban ɓoye ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Daga baya muka gane duk ƙofar da Sabi'u ya buɗe mana sai ya gutsiri rabonsa: wurin mai mota, wurin mai gidan haya, wurin mai magani. Akwai kantin magani a gindin benen da muka sauka, amma sai ya kai mu wani can bayan kogi, wai na nan jabu ne.

Masaukin ɗaki biyu ne a saman bene mai tsawo, ana hawa da wani akwatin ƙarfe da ke rufe mutum ya yi sama da shi. Sanyi ya shige mini ƙashi. Motoci suna ihu tun asuba kamar ana korar su. Abinci kuwa wake da gurasa da safe, gurasa da wake da rana. Sai ga mu ni da ɗan farina a gida ɗaya, babu yaron aike, babu wanda zai ɗauki magana daga bakina ya kai kunnensa. Sai na koma yi wa bango magana.

"A ɗora ruwan zahi," in ce da bango.

"An ɗora, Adda," in ji shi daga bayan ƙofa.

In ya kawo abinci sai ya ajiye ya fita baranda ya tsaya cikin sanyi har in gama. Da ya ga waken ya gagare ni sai ya ce zai tuƙa tuwo. Mutumin da bai taɓa riƙe muciya ba! Ina daga ɗaki ina jin tukunya na kuka, ina gaya wa bango, "A rage wuta. A yi ruɗe tukuna, ba a zuba gari gaba ɗaya." Tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwa. Na cinye, ban ce komai ba, bangon ma ban gaya masa ba.

A asibiti kuwa ga yadda suka tsara. Likitan yana jin Turanci, ɗan farina yana ji. Amma da an zo maganar jikina sai ɗan nawa ya tashi ya fita, ya bar ni da Sabi'u a bayan labule. Kin ji fa, Hadiza. Ɗan da na haifa yana waje don kunya, ƙaton da ban san uwarsa ba yana ciki ana zancen nonona da shi. Likita ya yi magana mai tsawo, yana zane da yatsa a kan hoton ƙirjina, yana kallona da tausayi. In ce, "Mi yac ce?" Sabi'u ya ce, "Ya ce Alhamdu lillahi, Hajiya Mama, ƙaramin abu ne." Ni ba yarinya ba ce. Na san maganar da ta kai tsawon igiyar guga ba ta komawa taƙi ɗaya. Amma na ce ƙila haka Larabci yake, yawan baki ne da su. Aka yi ta ɗibar jinina, aka tura ni cikin wani injin kamar kabari mai ruri, aka ce ranar Talata za a tsotse marurun.

Ana jibi Talata muna zaune a ɗakin jira na mata. Na lura da abin da na daɗe ina gani ban auna ba: matan wurin da yawa ba su da gira, fuskokinsu sun yi fari fat, wasu rigarsu ta faɗa ta gefe ɗaya. Wata baƙar mata mai lulluɓi irin na Sudan ta zauna kusa da ni, ta ji ina tsaki ina magana ni kaɗai, sai ta juyo.

"Ke Bahausa ce?"

Na kusa faɗuwa daga kujera. Zainaba sunanta. Ta ce kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarta tsohuwa ce irin ta kakata, an yayyafa mata Larabci. Muka gaisa kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ta ba ni dabino, na ba ta goro. Sai ta ce, "Naki wane gefe ne?"

Na ce hagu.

"Nawa dama. Yaushe za su yanke?"

Na ce, "Yanke mi? Maruru na, tsotse shi za a yi."

Ta dube ni. Ta ce, "'Yar'uwa, nan ba a kawo maruru. Duk wadda kika gani a ɗakin nan daji ne ya kawo ta." Ta kama hannuna ta ja ni bayan gida, ta rufe ƙofa, ta ɗaga rigarta. Gefen dama shafe yake kamar allo, da tabo dogo har hammata. Ta ce, "Ni an gaya mini, na yi kukana, na yarda. Ke ba a gaya miki ba?"

Ban yi kuka ba. Wuta ce ta taso mini tun daga cibiya. Daji! Ni na san daji. Na taɓa wanke wata mata a Mandera da ya cinye wa ƙirji, sai da muka ƙona turare kafin mu iya tsayawa a ɗakin. Wato da sun kwantar da ni, su sa ni barci, in farka in shafa in ji wayam, sannan wani yaro mai turare ya ce mini Alhamdu lillahi. Akuya ma in za a yanka ta ana ba ta ruwa, ana fuskantar da ita gabas.

Muka koma masauki. Bayan la'asar ɗan farina yana tsugune a ɗan madafin yana yanka albasa. Na zo na tsaya a kansa. Ban yi wa bango magana ba.

"Kai."

Wuƙar ta tsaya.

"Kai nika wa magana. Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai tun yana jinjiri. Ashe furfura ta cinye masa gemu. Ashe idonsa irin na ubana ne.

"Mi ag gare ni?"

"Adda, ai an ce..."

"Ban tambaye ka abin da anka ce ba. Mi ag gare ni?"

Hawaye suka zubo masa, ya kai hannu yana nuna albasa. Na ce, "Kak ka ɗora wa albasa. Albasar garin ga ko jinjiri ba ta sa shi kuka." Sai ya zauna daɓas a ƙasa, mutum mai 'ya'ya har da jika, ya ce, "Daji na, Adda."

Na ce ya haɗa mini kayana, gida za ni. In mutuwa ce in mutu a ɗakina da jikina cikakke, matan da na koya wa wanka su wanke ni.

Ya ce, "Abin da munka ji tsoro ke nan. Hadiza tac ce in kin ji ba ki zuwa, sai ki ce a kai ki wurin mai sassaƙe."

"In na ƙi, jikin wa? Naku?"

"Naki na."

"To don mi kunka yi shawara da kowa, har da ɗan mutane mai turare, ban da ni?"

Ya share hawayensa. Can ya ce, "Na yi niyyar hwaɗa miki tun Sakkwato. Kullum in na zo bakin ƙohwa sai in rasa ta inda za ni hwara. Ƙaƙa za ni kama sunan wurin ga a gabanki? Ni na ce wa Sabi'u shi riƙe maganar maruru. Adda, tun da munka zo ban yi barcin kirki ba. Matakalar bene nika zama in kira su Hadiza, su yi ta kuka, in ba su haƙuri, in dawo in ce miki suna gaisuwa."

Fushina bai sauka ba, kuma har yau da saura. Amma na ga abin da ban gani ba: kayan da ya kamata mu ɗauka mu duka, shi kaɗai aka ɗora wa, ga shi ba shi da bakin da zai ce ya yi nauyi. Na ce, "Gobe mu koma wurin likitan ga. Ban da Sabi'u. Kai za ka tsaya, abin da yac ce dut ka hwaɗa mini, kalma bayan kalma. In na ji warin ƙarya ko kaɗan, jirgi."

Da safe Sabi'u ya zo da murmushinsa. Na tare shi a bakin ƙofa da muciya. Na ce, "Kai ɗan nema, wanda yam maishe ciwon mutane gona! In na sake ganin ƙahwarka nan sai na tuƙa ka." Ya ce, "Hajiya Mama, ai umarni aka ba ni." Na ce, "Wa yab ba ka umarnin kai mu kanti bayan kogi?" Ya bi matakala da gudu, bai ko jira akwatin ƙarfen ba. Matar mai gadin benen, wata ƙatuwar Balarabiya, tana shara ta ga komai. Ba ta jin Hausa amma ta ji muciya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, da rana kuma ta hawo mini da kwanon miya mai zafi. Daga ranar ba ta fasa ba har muka bar ƙasar.

A ɗakin likita na zauna, ɗan farina ya tsaya a gefena yana kallon takalminsa. Likita ya yi magana. Ɗan farina ya ce, "Ya ce ciwon ya kama... wurin."

"Wane wuri? Ba shi da suna?"

Zufa ta karyo masa cikin wannan sanyi.

Na ce, "Kai kaf hwara shan shi. Kahin Hadiza, kahin kowa. In za a yanke mai hukunci, a bakinka nika son ji."

Ya ce, "Nono. Ya kama nonon hagu, ya taɓa hammata. Za su cire shi dut."

"Tambaye shi, in ba a cire ba fa?"

Ya tambaya. "Ya ce zai hwashe, shi yi wari, shi bi jiki."

Wannan ban buƙaci tafinta ba, na gani da idona a Mandera. "In an cire, na warke?"

Likita ya daɗe yana magana, ɗan farina ma ya daɗe, tsawonsu ɗaya. Ya ce ba alkawari. Ya ce bayan yanka akwai wani magani da ake ƙarawa ta jijiya, mai zubar da gashi, mai sa amai. Ya ce wasu suna shekaru lafiya, wasu yana dawo musu. Likitan ya dube ni ni kaina, ba ɗana ba, ya ce in sha Allahu. Na ce, "To yanzu an yi da ni. A yanke."

Aka yanke ranar Talata. Na farka na shafa na ji wayam, amma na san da zancen, ni na ba da. Aka sallame mu da wata roba da ke fitowa daga hammatata tana zubar da ruwa cikin 'yar kwalba, hannun hagu kuma ba ya ɗaguwa. Zainaba ta zo ta yi mini wanka kwanakin farko, Allah Ya saka mata, sai nata maganin ya kayar da ita. Ciwon kuwa dole a wanke, a sauya auduga. Ɗan farina ya tsaya da kwanon ruwa a bakin ƙofa, ya kasa shigowa, ya kasa komawa. Na ce, "Shigo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya ɗaga audugar. Ya wanke a hankali kamar mai wanke jariri, kuma ni na san hannun da ya iya wanke jariri. Da aka fara maganin jijiya shi ke riƙe mini kwano in na yi amai. Da gashina ya fara bin matashi, shi ya aske sauran. Na ci tuwo a gabansa, na kuma gaya masa ido da ido cewa tuwonsa bai yi ba. Ya ce, "Ai kin cinye." Na ce, "Yunwa ta, ba daɗi ba."

Muka dawo gida aka ci gaba da maganin a Sakkwato. Ban gama shan ruwan sannu da zuwa ba magana ta zaga gari: wai Kulu ta zubar da kunya a ƙasar Larabawa, ɗan farinta ya ga tsiraicinta. Wata tsohuwa da na karɓi haihuwarta har sau nawa ta zo dubiya, ta kawo bakinta kusa da kunnena, wai, "Gaskiya na abin da anka ce?" Na ce, "Gaskiya na. Lokacin da ruwa ke zuba daga hammatata ban ga ƙeyarki ba. Ɗauki kwanonki." A gaban mutane dai ni da ɗan farina mun koma yadda muke. Yana zuwa daga Bodinga ran Juma'a, ya durƙusa a bakin ƙofa, in juya kafaɗa. Al'adar uwata ce, ban yar da ita ba. Abu ɗaya kawai na cire daga cikinta.

Bayan an kwashe albasar bana bayana ya fara ciwo, irin ciwon da ba ya jin man zafi. Aka sake ɗaukar hoto a Sakkwato. Da sakamako ya fito likita ya leƙo ya ce 'ya'yan su shigo. Na riga su tashi daga bencin. Likita ya yi bayaninsa da Turanci, na ga Hadiza ta damƙe goyonta, sai ta juyo da wannan yaƙen nata.

"Inna, ya ce sanyi na yak kama..."

Na ce, "Rufe mini baki." Kada ki tsallake wannan, rubuta shi. Na juya wurin wanta. "Kai. Mi yac ce?"

Bai kalli takalminsa ba. Ya durƙusa a gaban kujerata, a gaban likita da ƙanwarsa, ya dube ni.

"Ya dawo, Adda. Ya shiga ƙashin baya. Ba su iya cire shi. Akwai maganin da ka rage zahi, shi ja kwana, amma ba shi warkarwa."

Hadiza ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi, don ita ma kayan sun daɗe a kanta. Na ɗora hannu a kan hularsa, na ce, "Madalla. To tambaye shi kwana nawa yaka gani, ina da aikin da za ni raba."